Kwana 90 da rani mai wata bakwai: tarihin iyaka da takarda a hanyar ƴan ci-ranin Adar

Duk shekara idan kaka ta yi, aka gama yankan gero aka zuba a rumbu, sai garinmu Barmu ya fara raguwa. Motocin da ke zuwa Tawa su tashi maƙil da samari, kowa da ƴar jakarsa. Wasu Abijan suka nufa, wasu Legas ko Kano, wasu Kumashi, wasu kuma arewa za su yi, Libiya ko Aljeriya. Ni malamin lakwal ne, na kusa shekara ashirin ina riƙe da alli tun da na fito daga makarantar horon malamai, kuma ban tuna shekarar da ban rasa yaro biyu ko uku daga ajin ƙarshe na firamare ta wannan hanya ba. Sai dai ka kira suna da safe, ƴan ajin su ce maka, "Mushe, ya bi wansa."

Kwanan baya ɗaya daga cikin irin waɗannan yara, wanda yanzu ya zama magidanci yana sayar da shayi a Abijan, ya aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp. Ya ce, "Mushe, an ce Nijar ta fita daga CEDEAO. Mu da ke nan yanzu sai mun yi biza ke nan?" Na tambaye shi wace takarda yake riƙe da ita, ya ce katin ɗan ƙasa ne, shi ma wa'adinsa ya daɗe da ƙarewa. Na tambaye shi ko ya taɓa jin maganar kwana 90, sai ya yi dariya, ya ce shekararsa huɗu a can ba wanda ya taɓa ƙirga masa kwana. Wannan dariyar ce ta sa na zauna na yi wannan rubutu, domin an taɓa ƙirga wa iyayenmu kwana, ba sau ɗaya ba, kuma duk lokacin da aka tashi ƙirgawar mai ƙaramin guzuri ne yake fara ɗanɗana kuɗarsa.

Bari mu fara da lissafi irin na aji. Yarjejeniyar da ƙasashen CEDEAO, wadda ƴan Najeriya ke kira ECOWAS, suka sa wa hannu a 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa a cikinsu damar shiga wata ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90. To, saurayin da ya tsallake iyaka ranar 1 ga Nuwamba, kwanansa 90 za su cika ranar 29 ga Janairu, ana tsakiyar ɗari. Shi kuwa ba zai dawo ba sai ƙarshen Mayu, idan ya ji an fara shirin shuka, wato bayan kwana 212. Kwana 122 ke nan da yake zaune a ƙasar mutane ba bisa wannan dama ba. Ni da nake cin albashi, hutun ƙarshen shekararmu wata uku ne, ya yi daidai da kwana 90. Haka ɗan kasuwar da zai je saro kaya Lome ya dawo cikin mako biyu. Rigar an ɗinka ta ne daidai jikin mai ziyara, shi kuma manomin Adar raninsa wata bakwai ne.

Zamanin fatake

Kafin zuwan Turawa babu fasfo, amma kada mu ɗauka tafiya kyauta ce. Ayarin fatake da ke tashi daga ƙasar Hausa zuwa Gwanja neman goro yakan yi watanni a hanya, da jakuna ɗauke da kanwa da tufafi da fatu. Madugu ne shugaban ayari, shi ke ciniki da sarakunan hanya kan abin da za a biya kafin a wuce, ga kuɗin fito idan an iso kogin Kwara, ga kuma tsoron ƴan fashi da masu kama mutane bayi. Idan an sauka Salaga, baƙo yana da maigida a zango wanda zai ba shi masauki, ya ajiye masa kaya, ya tsaya masa in rigima ta taso. A wancan zamani ba a tambayar baƙo kwana nawa zai yi, abin da ake tambaya shi ne baƙon wane ne. Talaka marar jari ma yana iya bin ayari yana koran jakuna ko yana alaro, har ya tara abin da zai fara nasa. Mu Adarawa kuwa, Sakkwato ba ƙasar waje ba ce a wurin kakanninmu, har yau akwai unguwanni a birnin da ake kira da sunan Sarkin Adar.

Layin da ya raba mu da Sakkwato a Turai aka zana shi. A 1890 Faransa da Ingila suka ja layi a taswira daga Say zuwa Barruwa a bakin tabkin Cadi. A 1898 suka sake zama, suka zagaye Sakkwato da wani baka mai nisan mil 100 daga birnin, kimanin kilomita 160, suka bar wa Ingila abin da ke ciki. Da wannan layin ya tsaya, da Konni da wani yanki na kudancin Adar suna cikin Najeriya a yau. Amma Faransawa suka ga an bar su da hanyar da ba ta da isassun rijiyoyi, sojojinsu masu zuwa Damagaram daga bakin kogi sai sun yi zagaye ta arewa, ta wajen Tawa. Suka yi ta ƙorafi har aka gyara layin a 1904 da 1906, sannan Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila suka bi shi suna kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Ta haka Konni ta faɗo hannun Faransa, ƙauyukan da ke kudu da ita suka faɗa hannun Ingila.

Mulkin mallaka ne kuma ya mayar da ci-rani tilas. An ɗora wa mutane lanho, wato harajin kai, aka ce da kuɗi za a biya, alhali manomin gero ba kuɗi yake nomawa ba. Ga aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, ga ɗaukar soja. Sai maza suka riƙa gangarawa Kurmi, zuwa Kumashi da Ankara ta ƙasar da ake kira Gana yanzu, da kuma biranen Najeriya, su yi dako da gadi da talla, su dawo da kuɗin lanho da turmin atamfa. Akwai wani abu da ya kamata malaman tarihi su riƙa nuna wa yara: a lokacin, daga Tawa har Abijan ko Dakar duk ƙasa ɗaya ce a takarda, Afirka ta Yamma ta Faransa, mai yankuna takwas. Da aka sami ƴancin kai, yankunan nan takwas suka zama ƙasashe takwas, kowace da tutarta da shingenta da jami'anta. Ranar 3 ga Agustan 1960 mun sami ƙasa, amma a wannan shekara Ba'adaren da ke Abijan ya zama baƙo.

Korar farko

Ba a daɗe ba aka fara ganin abin da kalmar baƙo take nufi, kuma gaskiya ta sa in ce mu ma mun yi. A ƙarshen 1963, da rigima ta tashi tsakanin Nijar da Dahome kan tsibirin Lete, gwamnatin Diori Hamani ta kori ƴan Dahome da ke aiki a ƙasarmu, da yawansu ma'aikatan ofis ne. A Kodebuwa, shugaba Houphouët-Boigny ya so a ba ƴan ƙasashen da ke ƙawance da shi, har da Nijar, damar zama ƴan ƙasa biyu, amma mutanensa suka ƙi, a 1966 aka binne maganar.

Wadda tsofaffinmu ba su manta ba ita ce ta Gana. Ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Kofi Busia ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya nemo ta ko ya bar ƙasar. Tattalin arzikin Gana ya tabarbare, aikin yi ya yi ƙaranci, sai aka nuna baƙi da yatsa. Mutane fiye da dubu ɗari suka fita, yawancinsu ƴan Najeriya, sai ƴan Togo da Nijar da ƙasar da ake kira Burkina Faso yanzu. Akwai waɗanda a zangon Kumashi aka haife su, ba su taɓa ganin garin da aka ce shi ne nasu ba. Wan mahaifina yana cikin waɗanda suka dawo. Shekararsa goma sha biyu yana da tebur a Kumashi, ya sayar da kayan a kuɗin da bai kai rabin jarinsa ba saboda kowa ya san gaggawa yake yi, abin da ya iso da shi Barmu akwatin ƙarfe ne da rediyo. Har ya rasu yana cewa a shekara goma sha biyun nan ba wanda ya taɓa ce masa ya nemi wata takarda.

Alkawarin Dakar

An kafa CEDEAO a Legas ranar 28 ga Mayun 1975, da ƙoƙarin Yakubu Gowon na Najeriya da Eyadéma na Togo, lokacin Seyni Kountché ne ke mulkin Nijar. Ranar 29 ga Mayun 1979 a Dakar aka sa hannu kan yarjejeniyar zirga-zirga. An tsara ta hawa uku, za a hau su cikin shekara 15: na farko ƴancin shiga ba biza, na biyu ƴancin zama da neman aiki, na uku ƴancin kafa sana'a. Hawa na farko ya fara aiki a 1980, an sa hannu kan na biyu a 1986, na uku a 1990.

Wannan babban ci gaba ne, kada mu raina shi. Yankuna kaɗan ne a Afirka suka kai ga haka. Amma akwai sharuɗɗa uku da talaka bai cika saninsu ba. Dole matafiyi ya riƙe ingantacciyar takardar tafiya da katin rigakafi, ya kuma shiga ta ƙofar da hukuma ta sani. Wanda zai wuce kwana 90 sai ya nemi izini daga hukumar ƙasar da ya sauka. Sannan kowace ƙasa ta riƙe ikonta na hana shiga ga duk wanda dokarta ta ce ba a so. Mai fasfo da kuɗin jirgin sama ba ya ma jin waɗannan sharuɗɗa. Wanda ke bin mota yana kwana a tasha, ba takardar haihuwa balle fasfo, shi ne ake saukewa a kowane shinge, kuma mun san yadda ake ƙarewa: ya miƙa jika ɗaya nan, jika biyu can, kafin ya isa inda za shi rabin guzurinsa ya tafi.

Ba a cika shekara huɗu da alkawarin Dakar ba aka gwada shi. Lokacin da kuɗin man fetur ke gudana a Najeriya ba wanda ya damu da ƙirga wa baƙo kwana, domin ana bukatar hannunsa a wurin gini da tashar jiragen ruwa. Da farashin mai ya faɗi, ga rikicin Maitatsine na Kano a Disambar 1980 da aka ɗora wa baƙi wani kaso na laifinsa, ga zaɓe yana matsowa, sai ranar 17 ga Janairun 1983 ministan cikin gida na gwamnatin Shehu Shagari, Alhaji Ali Baba, ya ba baƙin da ba su da takardu mako biyu su fita. Kimanin mutum miliyan biyu suka fita, wajen rabinsu ƴan Gana, tare da dubun dubatar ƴan Nijar. Jakar ledar nan mai ratsi-ratsi da ake kira Gana-mas-go a nan ta samo sunanta. Abin lura shi ne Najeriya ba ta ce ta karya yarjejeniyar ba. Hujjarta ita ce mutanen sun wuce kwana 90 ko suna aiki ba izini. Wato sharaɗin da aka yi shekaru ana kau da kai daga gare shi, shi aka ɗauko ranar da aka bukace shi.

A watan Afrilun 1984 kuma gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya saboda canjin kuɗi, ta sake korar baƙi a 1985, ba a buɗe ba sai Maris na 1986, zamanin Babangida. Rufewar ta zo daidai da farin 1984. Hatsin Najeriya ya daina shigowa yadda aka saba, mazan da za su je ci-rani su aiko da kuɗi suka rasa hanya, har mutane a wurare da yawa na ƙasarmu suka sa wa wannan yunwa suna El-Buhari. Ina yaro ƙarami a lokacin, amma na taso na iske iyayenmu mata suna ƙirga shekarun ƴaƴansu da ita.

Katin zama na Abijan

Kodebuwa tana cikin ƙasashen da suka fi karɓar mutanenmu. Cinikin albasa a Abijan, wanda ya haɗa lambunan Galmi da na Adar da kasuwannin birnin, Hausawan Nijar ne ginshiƙinsa. Ƙidayar 1998 ta nuna kashi 26 cikin 100 na mazauna ƙasar baƙi ne. Amma a can ma, da farashin koko ya karye baitulmali ya bushe, sai aka ƙirƙiro katin zama a 1990, aka fara aiki da shi a 1991, lokacin Alassane Ouattara yana firaminista. Ɗan CEDEAO zai biya jika 5 a shekara, daga baya kuɗin ya yi ta ƙaruwa. Ga babban dillalin albasa wannan ba komai ba ne. Ga mai tura baro ko mai yankan farce kuwa cinikin kwanaki ne, kuma rashin katin ya zama hanyar tatsarsa a kowace kwana. Da yaƙi ya ɓarke a Satumbar 2002 aka rusa unguwannin talakawa a Abijan inda baƙi suka fi yawa, mutanenmu da dama suka dawo hannu rabbana.

A ƙarshen 2007 shugaba Laurent Gbagbo ya soke katin zama ga ƴan ƙasashen CEDEAO, aka ce takardar shaida ta ƙasarsu ko ta ofishin jakadancinsu ta wadatar. Wannan ne dalilin da ya sa ɗalibina ya yi shekara huɗu ba a ƙirga masa kwana ba. A Yulin 2014 ma shugabannin ƙungiyar, a taronsu na Ankara babban birnin Gana, sun amince a soke katin zama a tsakaninsu baki ɗaya, a fito da katin shaida na bai ɗaya mai ɗauke da hoton yatsu. Senegal ta fara bayar da shi a 2016, amma aiwatarwar ta yi ta jan ƙafa a ƙasashe da yawa.

Kwana 90 na Turai da hanyar Agadas

Turai ma tana da nata yankin da babu shinge, wanda ake kira Shengen, sunan wani ƙauye a Lukzambur inda aka sa hannu a 1985. Ya fara aiki a 1995, yanzu ƙasashe 29 ne a ciki. Su ma kwana 90 suke ba mai ziyara, amma lissafinsu ya bambanta da namu: kwana 90 ne cikin kowane kwana 180, kuma duk ƙasashen ana ƙirga su kamar ƙasa ɗaya. A da, matafiyi mai ƙaramin ƙarfi da ke tafiya a hankali yana iya yin wata uku a Faransa, ya tsallaka Jamus ya sake samun wata uku. Da aka rushe shingayen ciki, sai jimillar kwanakinsa ta ragu. A CEDEAO kuwa kowace ƙasa da nata kwana 90.

Babban abin da ya shafe mu shi ne katangar waje, wadda ta ƙara tsawo yayin da ta ciki ke rushewa. Kafin 1986 ɗan yawancin ƙasashen da Faransa ta yi wa mulkin mallaka yana shiga Faransa ba biza. Yau kuɗin neman bizar Shengen Yuro 90 ne tun Yunin 2024, wato jika 59 da ɗan kai, ban da inshora da shaidar kuɗi a banki, kuma in an hana ka ba a mayar maka da ko dala.

Wannan katanga ta miƙo har cikin ƙasarmu. Ranar 26 ga Mayun 2015 Nijar ta kafa doka mai lamba 2015-36 kan safarar baƙin haure, kuma bayan taron Valletta na Nuwamban wannan shekara, inda Turai ta yi alkawarin kuɗi, aka fara aiki da ita da ƙarfi a 2016. Aka kama direbobi, aka ƙwace motoci a Agadas. Ɗan Gambiya ko Gine da yarjejeniyar 1979 ta ba shi damar yawo a Nijar ya wayi gari ba ya iya wuce Agadas. Direbobi suka koma bin hanyoyin da ba rijiya don kauce wa sintiri, kuɗin mota ya hau, haɗari ya ƙaru, har ga ɗan Adar da Sabha kawai za shi aikin lambu ko gini, ba ruwansa da Turai. An soke dokar a Nuwamban 2023.

Ya kamata iyaye su sani cewa Libiya da Aljeriya ba su taɓa zama cikin CEDEAO ba, babu wani kwana 90 da ke kare yaro a can. Gaddafi ya buɗe wa ƴan Afirka ƙofa a ƙarshen shekarun 1990, amma a 2000 aka far musu a garin Zawiya, a 2011 kuma yaƙi ya koro mutanenmu dubbai a kan manyan motoci ta Dirku. A Oktoban 2013 an tsinci gawawwaki 92, yawancinsu mata da yara, kusa da iyakar Aljeriya bayan motocinsu sun lalace. Tun Disambar 2014 Aljeriya take maido da ƴan Nijar a ayarin motoci, wasu baƙin kuma a ajiye su a cikin rairayi kimanin kilomita 15 daga Assamaka su ƙarasa da ƙafa.

Inda muke yau

Shekarun nan na baya sun sake nuna mana cewa ƙofa tana rufuwa dare ɗaya. Najeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020, kuma ƙofar Illela da ke fuskantar Konni tana cikin huɗun farko da aka buɗe. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO ta sa wa Nijar takunkumi ta rufe iyakoki. An ɗage takunkumin a Fabrairun 2024, hanyar Konni ta buɗe a Maris, amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe, matafiya suka koma tsallake kogi a kwalekwale da ƙarin kuɗi. Mai hali ya hau jirgi daga Yamai, marar hali ya biya ɗan acaɓa ya bi da shi ta daji.

Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar da ficewarsu daga CEDEAO, ficewar ta tabbata ranar 29 ga Janairun 2025, ranar da aka ƙaddamar da fasfon ƙawancensu na AES. Ƙasashen uku sun ce ƴan CEDEAO za su ci gaba da shigowa ba biza. Ita ma CEDEAO ta ce a ci gaba da karɓar fasfo da katin ƴan ƙasashen uku, a bar su da ƴancin shiga da zama, har zuwa lokacin da za a fitar da wata sanarwa. Nijar kuma tana nan cikin UEMOA, ƙungiyar masu kuɗin sefa, wadda yarjejeniyarta ta tanadi zirga-zirga tsakanin ƙasashenta takwas. Kodebuwa da Togo da Benin suna ciki, Najeriya da Gana ba sa ciki. A Janairun 2025 ƙasarmu ma ta fitar da sabuwar doka mai tsauri kan shiga da zaman baƙi.

To, amsar da na ba ɗalibina ita ce: a'a, ba a ce ka yi biza ba. Amma sassaucin 2007 da kake zaune a inuwarsa an yi shi ne don ƴan CEDEAO, kai kuma yanzu abin da ke riƙe da kai sanarwa ce ta wucin gadi da yarjejeniyar UEMOA. Na ce masa gobe da safe ya bar wa yaronsa teburin shayi, ya je ofishin jakadancin Nijar ya yi katin jakadanci, kada ya jira sai ranar da layi ya kai bakin titi.

Abin da ke hannunmu

Ba zan ce a daina ci-rani ba. Wanda ya san ƙasar Adar, da duwatsunta da ƙarancin ruwanta, ya san gero na wata huɗu ba ya ciyar da gida wata goma sha biyu. Rufin kwano da yawa a Barmu, da kuɗin magani, da littattafan da ke jakar ɗalibaina, daga Abijan da Legas suka fito. Ba mu ke rufe iyaka ko buɗe ta ba, amma akwai abin da ke hannunmu.

Na farko, takardar haihuwa, domin ita ce uwar sauran takardu, sai da ita ake yin katin ɗan ƙasa da fasfo. Iyaye su kai sanarwar haihuwa ofishin magajin gari cikin wa'adi. Wanda wa'adi ya wuce masa, akwai takardar alƙali da ke maye gurbinta, kuma akan kawo zaman alƙalai har ƙauyuka don wannan aiki. Mu malamai mun fi kowa sanin yaran da ba su da ita, tun daga ajin farko ya kamata mu riƙa rubuta sunayensu muna bin iyaye, kada mu bari sai an zo rajistar jarrabawa.

Na biyu, katin rigakafin shawara. Tun Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa. Wanda ya yi ta ya adana katinsa ya rufe ƙofa ɗaya daga cikin ƙofofin da ake tatsar matafiya.

Na uku, mai tafiya ya bi ta ƙofar hukuma, ya bar kwafin takardunsa a gida, ya ɗauki hotonsu a waya, ya yi katin jakadanci da zarar ya sauka. Ya riƙa aiko da abin da ya tara gida a kai a kai, ya kuma ware kuɗin motar dawowa da ba zai taɓa ba. A 1969 da 1983 mako biyu aka ba mutane, wanda duk dukiyarsa ke kan tebur ɗaya shi ya fi asara.

Na huɗu, ya ku iyaye, yaron da bai kai shekara 18 ba a bar shi ya gama karatu. Wanda zai iya karanta abin da aka buga a takardarsa, ya ƙirga kwanakinsa da kansa, ya rubuta sunansa a gaban jami'i, ba a saukin cutarsa kamar wanda sai dai ya dangwala yatsa.

Ni dai tun bara na shigar da wannan lissafi cikin darasina na ajin ƙarshe. Nakan rubuta 1 ga Nuwamba a allo, in ce su nemo ranar da kwana 90 za su cika, sannan su nemo kwanakin da suka rage kafin shuka. Da sun samu 122, sai in ce kowa ya je gida ya tambayi kakansa ko kakarsa abin da ya faru a shekarar da aka koro mutane daga Kumashi, ya kawo mini labarin ranar Litinin. Ina roƙon ƴan uwana malamai su gwada. Allah ya tsare matafiyanmu, ya dawo mana da su lafiya kafin ruwan shuka.